In Jiki Ya Ƙi Kyautar Ƙoda, Laifin Wa?

Ya kai mai karatu, yau tambaya na zo maka da ita, ina so ka riƙe ta a ranka mu tafi tare.

A ce mutum ne ƙodojinsa biyu suka mutu. Ƙanensa ya tashi ya ce ya ji ya gani, a cire tasa guda a sa wa wansa. Aka sayar da shanu, aka tafi babban asibiti, likitoci suka yi aikinsu. Maras lafiya ya tashi, kumburi ya sace, aka dawo gida ana ta barka. Bayan wata shida ƙodar nan ta tsaya. Likita ya ce jiki ne ya ƙi ta. To, laifin wa?

Ka san bakin mutane ba ya rasa amsa. Wani zai ce ai ƙanen bai bayar da zuciya ɗaya ba, kunya ce ta sa shi. Wani zai ce da ma wan akwai haƙƙin mutane a kansa. Wata kuma za ta rage murya ta ce a bincika wajen kishiya. Irin wannan magana ita ke kashe zumunci. Ga mutum biyu da tabon wuƙa a ciki, an ƙara musu wani a zuci.

Kada ka ce zancen Turai ne, bai shafe mu ba. Tun shekarar 2002 ake dashen ƙoda a Kano, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga nan Sabon Maci ka san hanya: Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sai Kano. Ciwon ƙoda kuwa ba sai an je nemansa ba. Hawan jini yana kawo shi, ciwon sukari yana kawo shi, haka ma yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kan tire ranar kasuwa. Wata rana tambayar nan tana iya yin sallama a ƙofar gidanka.

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san ƙoda. Ta mutum ma biyu ce, can wajen baya, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba. Aikinsu tace jini. A kwana guda ruwan da suke tacewa ya kai lita 180, kusan cikin tano ke nan. Su mayar da mai kyau cikin jini, su fitar da dauɗa cikin fitsari, wajen lita ɗaya da rabi. In duka biyu suka mutu, dauɗa ta taru, jiki ya kumbura, hanya biyu ta rage. Ko wankin ƙoda da inji, sau biyu ko uku kowane mako, kamar yadda ake yi a asibitin Lamorde a Yamai, kuma ba ranar gamawa. Ko kuwa dashe. Allah cikin ikonsa ya sa ƙoda guda mai lafiya tana riƙe mutum. Shi ya sa mai rai yake iya bayarwa.

Ɗinkin kansa an daɗe da iya shi. Tun kafin yaƙin duniya na farko wani likita Bafaranshe, Alexis Carrel, ya ƙware wajen haɗa jijiyar jini da ƴar'uwarta. Yakan cire wa kare ƙoda ya mayar masa da abarsa, ta ci gaba da aiki. In ya sa masa ta wani karen kuwa, bayan ƴan kwanaki sai ta mutu. Hannu ɗaya, allura ɗaya, zare ɗaya. Ashe akwai wani abu a cikin jiki mai tambayar ta wane ce.

A cikin jininka akwai wasu fararen ƙwayoyi da ido ba ya gani. Mu kira su dogaran jiki. Dare da rana suna zagayawa. Kowace tsoka ta jikinka kuma tana ɗauke da shaida, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen sanuwarsa, ko yadda a da ake gane Bagobiri da zanen fuskarsa tun bai buɗe baki ba. Dogari ya duba shaida. In ta gida ce, ya wuce. In baƙuwa ce, ya yi kururuwa, ƴan'uwansa su taru su faɗa mata. Da haka yaro ke warkewa daga ƙyanda. Da haka allurar rigakafi ke aiki: an nuna wa dogarai fuskar ɓarawo tun bai zo ba. Sai dai dogarin nan bai san kyauta ba. A wurinsa ƙodar ɗan'uwanka da ƙwayar cuta duk baƙi ne.

Wanda ya fara kama bakin zaren shi ne Peter Medawar, wani malamin bincike na Ingila, ubansa mutumin Labanan ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu mutane da yawa suna ƙonewa, ana neman fatar da za a rufe musu ciwo. A birnin Gilasgo shi da wani likita suka lura da wata mata da wuta ta ci. Aka ɗebo ƴan guntayen fata daga ɗan'uwanta aka shimfiɗa mata. Da farko suka kama, daga baya suka lalace. Aka sake ɗebowa daga shi dai ɗan'uwan. Na biyun nan suka riga na farko saurin mutuwa. Suka rubuta abin da suka gani a 1943. Medawar ya koma ya yi ta gwadawa a kan zomaye, kullum haka. Ya gane jiki yana tunawa. Wanda ya taɓa kora jiya, yau tun daga bakin zaure zai tare shi.

Yanzu ka saurari wannan da kyau, don a nan amsar tambayarmu take.

A watan Disamba na 1952, a ƙasar Faransa, wani yaro ɗan shekara 16, mai koyon aikin kafinta, ya faɗo daga saman gini. Ƙodarsa ta fashe, likita ya cire ta don ya tsayar da jini. Sai daga baya aka gane ashe da ita kaɗai aka haife shi. Uwarsa ta roƙi likitoci su ɗauki tata. A asibitin Necker na birnin Paris, daren Kirsimeti, aka yi aikin. Ƙodar ta kama nan take, fitsari ya zo, yaro ya farfaɗo. Mako uku ana murna. Sai ta tsaya cak. Yaron ya rasu a watan Janairu na 1953.

Ka faɗa mini, wace zuciya ce ta fi ta matar nan zama ɗaya? Ba wanda ya matsa mata, ita ta roƙa. Wata tara yaron ya yi a cikinta, nononta ya sha. Duk da haka jikinsa ya ƙi.

Shekara biyu bayan haka, ran 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, aka cire ƙodar wani saurayi, likita Joseph Murray ya sa wa tagwayensa. Irin tagwayen nan ne masu kama ɗaya sak, waɗanda suka fito daga ƙwai guda. Ba a ba shi wani maganin hana ƙi ba, amma ƙodar ta zauna. Ya yi aure, ya haifu, ya ƙara shekara 8 a duniya. Wanda ya bayar kuwa ya rayu shekara 56 da ƙoda guda, sai a 2010 ya rasu. Kana jin saurayin nan ya fi waccan uwa son nasa? Ko kusa. Shaidarsu ce ta zo ɗaya, dogarai suka duba ba su ga baƙo ba.

Wani Bafaranshe, Jean Dausset, ana kiransa Jan Dose, shi ya fara karanta wannan shaida a 1958. Daga aikinsa da na waɗanda suka biyo shi aka gane yadda ake gadonta. Lissafin ba wuya, ka zana shi a ƙasa da tsinke. Uba yana da dami biyu na shaida, uwa tana da dami biyu. Kowane ɗa yana ɗaukar dami ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ka haɗa su ka gani, hanya huɗu ce kawai. Saboda haka tsakaninka da wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, sau ɗaya cikin huɗu shaidarku za ta zo daidai duka. Sau biyu cikin huɗu rabi ne zai dace. Sau ɗaya cikin huɗu kuwa ba ku haɗa dami ko ɗaya ba, alhali nono ɗaya kuka sha. Uwa da ɗanta rabi suke haɗawa, ɗayan rabin na uba ne. Rabin nan na waje shi dogaran yaron Paris suka gani. An gama wannan rabo tun mutum yana ciki, ba a yi shawara da shi ba.

Ga wani abin da ya fi wannan ban mamaki. Matar da ta haifa wa mijinta ƴaƴa takwas, jikinta yana iya ƙin ƙodarsa cikin ƴan mintoci. Cikin da ta yi ta ɗauka ya nuna wa dogaranta shaidar mijin, sun riƙe ta. Haka ma wanda aka sha yi wa ƙarin jini. Shi ya sa tun wajen 1969 likitoci ba sa taɓa wuƙa sai sun gauraya jinin mai karɓa da ƙwayoyin mai bayarwa a cikin ƴar kwalba, sun ga ko faɗa zai tashi. In matar nan ta ƙi ƙodar mijinta, zaman da suka yi ne ya jawo. Wa zai kira wannan rashin so?

To, shin dogaran nan ba sa koyon haƙuri? A nan shanu suka koya wa malamai karatu. Tambayi tsofaffin makiyayan Dakwaro: in saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, galibi macen juya take zama. Dalili shi ne a cikin mahaifa jijiyoyin maruƙan suna haɗuwa, jinin wannan ya shiga wancan. A 1945 wani Ba'amurke, Ray Owen, wanda ya tashi a gidan kiwon shanu, ya duba jinin irin waɗannan tagwaye. Ya tarar kowane yana ɗauke da jini iri biyu, nasa da na ɗan'uwansa, har girmansu, ba faɗa. Medawar ma ya gamu da abin. An roƙe shi ya nemo hanyar rarrabe tagwayen shanu masu kama ɗaya da marasa kama, ya ce ai da sauƙi, a yi musu musayar fata. Sai ga fatar maraƙi ta zauna a jikin maraƙa, abin da a lissafinsa bai kamata ya faru ba. Daga nan shi da abokan aikinsa biyu suka ɗauki ɓeraye. Suka yi wa ɗan tayi allurar ƙwayoyin wani ɓeran tun yana cikin uwarsa. Da ya girma aka dasa masa fatar irin wancan ɓeran, ya karɓa. Aka dasa masa ta wani dabam, ya ƙi. Wannan a 1953 ne, kuma a kansa aka ba Medawar babbar lambar yabo ta Nobel a 1960. Ashe dogarai koyon fuskar ƴan gida suke yi tun suna ƙanana. Wanda suka tashi suka gani a tsakar gida, shi ne nasu.

Babban mutum kuwa dogaransa sun riga sun gama karatu. Har yau masu bincike suna neman hanyar mayar da su makaranta. A 2008 wasu likitocin Boston suka ba da labarin ƴan mutane kaɗan da aka dasa wa ƙoda tare da ɓargon mai bayarwa, suka zauna ba magani. Dabarar maruƙan nan ce aka kwaikwaya. Amma aiki ne mai haɗari, bai zama na kowa ba. Abin da ke hannu shi ne magani mai sa dogarai gyangyaɗi. Ɗaya sunansa siklosforin, daga wata fumfuna ta cikin ƙasa aka samo shi, ya bazu tun daga 1983. Wani sunansa takrolimus, shi ma daga ƙasa aka samo shi, a Japan, a 1984. Da irin waɗannan magunguna yau ƙodar mata tana zama a jikin miji shekaru da yawa, ko da ba su haɗa jini ba. Sai dai dogarin da ke gyangyaɗi, baƙo ya samu wurin kwana, ɓarawo ma ya samu ƙofa. Mai shan maganin nan tarin fuka da sauran cututtuka sun fi saurin kama shi. In an rage, ƙoda ta shiga haɗari. In an ƙara, mutum ya shiga haɗari. Kullum likita yana kan awo kamar mai sayar da zinariya. Kuma ko an yi kome daidai, wata ƙodar takan gaji a hankali bayan shekaru.

Mu koma ga tambayarmu. Ni dai a ganina, wanda ya san wannan labari ba shi da sauran izinin cewa wane bai bayar da zuciya ɗaya ba. Niyya tana wurin Allah, shi ke auna ta, shi ke saka ta. Fararen ƙwayoyin jini ba sa karanta niyya. Ƙanen nan kyautarsa ta cika tun ranar da ya kwanta a kan gadon likita, ko ta yi shekara 20 ko ta yi wata shida. Wan kuma ba butulu ba ne. Dogaran da suka kori ƙodar su ne suka tsare shi tun yana goye.

Wani zai ce, to in haka ne, wanda shaidarsa ta dace tilas ne ya bayar, tun da rai ne za a ceta. A nan nakan tsaya, don maganar tana da nauyi ta kowane gefe. Ceton rai babban abu ne. Amma shi ma mai ƙodar rai gare shi. Manomi ne, baki goma yake ciyarwa da hauyarsa. Aikin fiɗa ba ya rasa haɗari, ko da kaɗan ne. Bayan haka da ƙoda guda zai ƙare kwanansa, ba ta ajiya. Macen da ta bayar kuma sai an ƙara sa mata ido in ta sami ciki, saboda hawan jini. Ka san habbanaye, yadda Bafulatani ke ba wanda ya rasa dabba karsana, in ta haifa masa ya mayar da uwar ya riƙe ƴaƴan. Ƙoda ba ta dawowa. Abin da ba ya dawowa ba a karɓarsa da taron dangi da kallon ido. An kuma lura a ƙasashe da yawa mata sun fi maza bayarwa, maza sun fi mata karɓa. Ba na jin son miji kaɗai ya kawo haka. Wata tsoron saki ne, wata tsoron bakin dangin miji. Shi ya sa likitan kirki yakan keɓe mai bayarwa shi kaɗai ya tambaye shi. In ya ga ba da son ransa ba ne, ya fito ya ce wa dangi wannan ba za a ɗauki tasa ba, bai ƙara kome ba. Wanda ya ce ba zai iya ba, a bar shi da mutuncinsa. Yana iya ɗaukar wani kayan, akwai su da yawa.

Saye da sayarwa kuwa malamai sun riga sun yanke. A 1988 majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda. Ta halatta mutum ya ba wani sashen jikinsa bisa sharaɗi, da yardarsa, in ba zai halaka shi ba. Ta hana ciniki. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure wani babban ɗan majalisar dattawan Nijeriya, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, saboda an kai wani saurayi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa a sa wa ƴar ɗan majalisar. Uba ne da ƴarsa ba lafiya, duk mai ɗa ya san wannan zafi. Amma shi ma saurayin ɗan wani ne. In aka buɗe kasuwar ƙoda, ka san daga wane gari za a riƙa ɗauka, ka san kuma wane gari za a riƙa kaiwa. Shekarar da damina ta ƙi, ƴaƴanmu masu tafiya ci-rani su ne farkon waɗanda dillali zai tara. Ka ja kunnen naka kafin ya hau mota.

Akwai dai wuri guda da laifi ke shiga, kuma nan ne ba a cika dubawa ba. Mu mutane ne masu iya taron rana ɗaya. Ranar fiɗa kowa zai kawo gudummawa, wani tunkiya, wani jikka biyar. Amma ƙodar nan baƙuwa ce har ta mutu, kullum sai an lallashi dogarai a kanta. Maganin safe da dare ne, a kan lokaci, muddin tana jiki. Tsada gare shi, kuma ba a samunsa a kan tire. Mutum ya ji sauƙi, kuɗi suka ƙare, ya tsallake kwana goma, dogarai suka farka. Sau da yawa ba zafi ba zazzaɓi, sai awon jini ke nuna ɓarnar, shi ya sa komawa asibiti a ranar da aka rubuta ba ta da fashi. In ƙoda ta tafi ta wannan hanya, kada a nemi kishiya. A nemi waɗanda suka zo cin ragon barka, ba a sake ganin ƙafarsu ba.

Ga kuma amfanin karatun da kake yi. Sunan magani, yawan ƙwaya, ƙarfe nawa, ranar komawa, duk a rubuce suke zuwa. Gidan da ba mai karanta takarda, sai a sha na dare da safe. Azumi ma ba a yanke shi da ka, sai an tambayi likita, an tambayi malam. In lamarin ya faɗo wa danginku, kafin a kai sa na farko kasuwa, ku zauna da takarda da alƙalami. Ku tambayi likita kuɗin magani na wata guda, da na awon jini, da na mota. Ku rubuta sunan kowa da watan da ya ɗauka, shekara ta farko, ta biyu, ta biyar. Kada ku tsallake watannin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba.